Zango a Garin da Aka Fara Haƙar Mai

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada ta tafiya wadda ta yaɗu ƙwarai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a tsakanin dattawan da suka ajiye aiki, watau mutum ya sayi mota wadda aka gina wa ɗaki a jikinta, da gado da madafa da makewayi da tankin ruwa da firji, ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya, duk inda dare ya riske shi nan ne gida. Galibin waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, gidajen da suka mallake su a ƙasar kuwa sun haura miliyan 11 a ƙididdigar 2021. An kuma tanadar musu zanguna ko'ina, a bakin tafkuna da cikin gandun daji na hukuma da gefen garuruwa, inda matafiyi zai biya kuɗin kwana, ya jona wutar lantarki da ruwan famfo, ya zubar da ƙazantar motarsa a wurin da aka keɓe, in gari ya waye ya ƙara gaba.

Ni a ganina wannan tafiya tana da fa'ida babba, tana kuma da wani aibi wanda ba kowa ke lura da shi ba. Fa'idarta ita ce ba ta san gaggawa ba, domin wanda ba ya neman masauki, ba ya kuma tsoron jirgi ya tashi ya bar shi, yana da ikon ya ratse daga babbar hanya ya shiga ƙananan garuruwan da ba a jin sunansu, waɗanda a cikinsu ne tarihin ƙasa ke kwance. Aibinta kuwa shi ne tana wadatar da mutum daga mutane, har ya zama kamar kunkuru, gidansa a bayansa, da ya ji motsi sai ya shige ciki. Ya ratsa jihohi goma bai zama baƙon kowa ba, bai ci abincin kowa ba, bai ji labarin kowa ba. Maganin wannan aibi, kamar yadda nake son in nuna, shi ne matafiyi ya daidaita tafiyarsa da bukukuwan ƙananan garuruwa, ya sauka ya shiga cikin jama'a. Kuma ban san garin da ya fi dacewa a kafa hujja da shi ba kamar Titusville, wani ɗan gari na mutum dubu biyar da 'yan kai a arewa maso yammacin jihar Pensilbaniya, wanda man da ke tafiyar da motar matafiyin nan daga can sana'arsa ta samo asali.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilar Seneca, daga cikin 'yan asalin ƙasar, sun san wani rafi a wannan kwari wanda mai ke tsatsowa a kan ruwansa, suna yaɗe shi suna magani da shi. Shi ne rafin da ake kira Oil Creek har yau. Da aka gano cewa ana iya tace wannan mai a sami kananzir na fitila, a lokacin da man ƙaton kifin teku da ake kunna fitilu da shi ya yi tsada, sai wasu attajirai suka kafa kamfani suka turo wani mutum mai suna Edwin Drake, wanda dā kwandasta ne a jirgin ƙasa, ba injiniya ba ne, ba kuma soja ba ne, ko da yake an riƙa rubuta masa wasiƙu da laƙabin kanar don mutanen gari su girmama shi. Ya ɗauki wani maƙeri mai suna William Smith, wanda ya saba da haƙar rijiyoyin gishiri, suka yi ta fama da ƙasa mai rushewa da ruwa mai cika rami, jama'a na yi musu dariya, har Drake ya yi dabarar dasa bututun ƙarfe ya kai shi kan dutse, sa'an nan ya ci gaba da haƙa ta cikinsa. Ran 27 ga Agusta 1859, a zurfin ƙafa 69 da rabi, mai ya taso. Rijiyar ba ta fi ba da ganga ashirin da wani abu a rana ba, amma dabarar bututun nan ita ce asalin abin da ake yi har yanzu a kowace rijiyar mai a duniya.

Abin da ya biyo baya kuwa ya isa ibra ga duk mai hankali. Mutane suka kwararo daga ko'ina, manoma suka wayi gari attajirai, aka sare itatuwan tuddai aka kafa hasumiyoyin katako a kan rijiyoyi, har rafin ya koma baƙi. Mai ya yi yawan da ya fi ƙarfin gangunan da za a zuba shi, farashin ganga ya faɗo daga dala 10 a farkon 1861 zuwa kwabbai kaɗan a ƙarshen shekarar. Shi kansa Drake bai yi rajistar dabararsa ba, ɗan abin da ya tara kuma ya salwanta a hada-hadar hannun jari, ya tsufa cikin rashin lafiya da talauci, har majalisar jihar ta yanka masa fansho na dala 1,500 a shekara a 1873. Ya rasu a 1880 a wani gari nesa da rijiyarsa, sai daga baya aka ɗauko gawarsa aka binne a Titusville, aka yi masa gini a kan kabari da kuɗin ɗaya daga cikin attajiran da suka ci moriyar wahalarsa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Pithole, 'yar tafiya kaɗan daga Titusville. A watan Janairu na 1865 aka sami mai a wata gona da ke nan, alhali babu komai a wurin sai daji da 'yan gidajen manoma. Kafin shekarar ta ƙare an yi gari na mutum wajen dubu goma sha biyar, da otal fiye da hamsin, da bankuna da majami'u da gidajen wasa da jarida mai fitowa kullum, da gidan waya wanda yake cikin mafi yawan aiki a jihar duka. A nan ne wani mai suna Samuel Van Syckel ya shimfiɗa bututu na kimanin mil biyar zuwa tashar jirgin ƙasa, ya karya kasuwar masu kekunan doki waɗanda ke jigilar ganguna a cikin taɓo da tsada mai yawa, har suka riƙa zuwa da dare suna farfasa bututun, sai da aka sa masu gadi. Sa'an nan rijiyoyi suka fara ƙafewa, gobara ta yi ta tashi a gidajen katako, jama'a suka watse kamar yadda suka taru. A 1877 aka soke sunan garin daga cikin garuruwa, filin da aka taɓa yi wa kuɗi dala miliyan biyu kuwa aka sayar da shi a kan dala 4 da 'yan kwabbai. Wanda ya je yau ba zai ga gini ko ɗaya na wancan zamani ba, sai fili mai ciyawa, da layukan da aka yanke don nuna inda tituna suke a dā, da ramukan da ke ƙarƙashin gidaje, da ɗan ɗakin tarihi a bakin tudu.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tafiya a bayan ƙasa don duban ƙarshen waɗanda suka gabata abu ne da aka kwaɗaitar da shi, kuma gani ya kori ji. Mutum yana iya karanta labarin Pithole a cikin littafi ya manta kafin la'asar, amma wanda ya ajiye motarsa ya taka da ƙafarsa a kan titin da babu kowa, ya tuna cewa a daidai nan an yi ciniki da rantsuwa da husuma a kan dukiyar da ba ta shekara uku ba, da wuya ya koma yadda ya zo. Jirgin sama ba ya kai mutum irin wannan wuri, motocin 'yan yawon buɗe ido ma ba safai suke bi ta nan ba. Sai mai tafiyar sannu, wanda lokaci ke hannunsa.

To, me ya sa Pithole ya mutu, Titusville da maƙwabtanta Oil City da Franklin suka rayu, alhali kuwa man ya guje musu su duka? Haƙar mai a Pensilbaniya ta kai ƙololuwarta a 1891, daga nan ta yi ta raguwa, da aka sami rijiyar Spindletop a Tekzas a 1901 kuwa sai hankalin duniya ya koma can. A watan Yuni na 1892 ambaliya ta fasa wata madatsar ruwa a saman kwarin, ta kwashi tankunan mai, wuta ta kama a kan ruwa ta bi ta cikin Titusville da Oil City, mutum fiye da ɗari suka hallaka. Manyan kamfanonin man injin da suka yi hedkwata a Oil City suka tattara suka koma Tekzas, mutanen garin suka ragu daga dubu ashirin da wani abu zuwa ƙasa da dubu goma. Musibar da ta sami Pithole a shekara biyu ita ce ta sami waɗannan a shekara ɗari. Bambancin da nake gani shi ne mutanen Pithole baƙi ne ga junansu, kowa ya zo ne don ya ɗiba ya tafi, babu wanda ya binne mahaifinsa a can. Su kuwa sauran garuruwan suna da makarantu da maƙabartu da zumunci, suna da abin da zai tara su ko da rijiya ta ƙafe. Bukukuwan da suke yi kowace shekara su ne zahirin wannan zumunci, shi ya sa nake cewa matafiyi ya nemi zuwa a lokacinsu.

A watan Yuli Oil City ke yin bikin tunawa da gadonta na mai, a watan Agusta Titusville ta yi nata, kusa da ranar da Drake ya sami mai, a farkon Oktoba kuma Franklin ta yi bikin tuffa, don tunawa da John Chapman, mutumin nan da ya shahara da dashen itatuwan tuffa, wanda ya taɓa zama a yankin. Babu wani abin mamaki a cikin waɗannan bukukuwa, kuma wanda ya zo neman ƙawa irin ta manyan birane zai raina su. Jerin gwano ne ake yi a babban titin gari, 'yan makaranta da kayan busa da ganguna, motocin kashe gobara, tsofaffin sojoji, tsofaffin motoci da masu su suka goge suka fito da su. Rumfuna a jere ana sayar da abinci da kayan sana'ar hannu, ƙungiyoyin taimakon jama'a suna tara kuɗi, mata na gasar gashin abincin tuffa, da dare a yi wasan wuta. Waɗanda suka bar gari don neman aiki a wasu jihohi a wannan makon suke dawowa su ga dangi, tsofaffin 'yan aji su haɗu, yaro ya ji daga bakin kakansa inda matatar mai take a dā da kuma ranar da aka rufe ta. Galibin aikin masu sa kai ke yi, ba wanda ke biyansu. Garin da ke iya tara mutanensa haka shekara bayan shekara, ba da umarnin hukuma ba, lalle da sauran ransa.

Ban da bikin, akwai gidan tarihi na rijiyar Drake a gefen gari, inda aka sake gina ɗakin injin da hasumiyarsa a kan ramin asali kamar yadda suke a hoto. Akwai jirgin ƙasa na baƙi da ke bin kwarin daga Titusville. Akwai wata rijiya ta McClintock kusa da Oil City wadda aka haƙa a 1861, har yanzu ana ɗan ɗebo mai daga cikinta. An kuma adana dubban hotuna na wani mai ɗaukar hoto, John Mather, wanda ya bi rijiyoyin nan da kayan aikinsa tun farkon lamarin, kuma wanda ya dubi tuddan da ke cikin hotunan, tsirara babu ko ganye, sa'an nan ya ɗaga kai ya ga dajin da ya rufe su yanzu, barewa na kiwo, ana kamun kifi a rafin da ya taɓa zama baƙi, zai san cewa ƙasa tana warkewa da ikon Allah in an ƙyale ta, ko da yake warkewar ta ɗauki fiye da rayuwar mutum guda.

Na san akwai mai cewa ai wannan duk kasuwanci ne, gari ya rasa sana'a ya koma sayar da labarin jiya, kuma biki irin wannan yana lulluɓe ɓarnar da mai ya yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin har yau akwai tsofaffin rijiyoyi bila adadin a Pensilbaniya waɗanda masu su suka gudu ba su toshe ba, wasu ma ba a san inda suke ba, suna fitar da iskar gas suna gurɓata ruwa, hukuma na kashe kuɗi tana neman su. Ba kuwa a kan wannan ake kaɗa ganga ranar biki ba. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa garin bai ɓoye aibin tarihinsa ba. A Titusville ne Ida Tarbell ta girma, a gidan da mahaifinta ya gina da katakon wani otal na Pithole da ya saya bayan garin ya watse. Ta ga yadda John D. Rockefeller da kamfaninsa na Standard Oil suka haɗa baki da kamfanonin jirgin ƙasa a 1872 don durƙusar da ƙananan masu mai irin mahaifinta, ta girma ta yi bincike na shekaru, ta buga tarihin kamfanin a 1904, kuma rubutun nata yana cikin dalilan da suka kai ga Kotun Ƙoli ta tarwatsa shi zuwa kamfanoni 34 a 1911. Gidan nan yana nan an gyara shi, mutanen gari suna alfahari da ita kamar yadda suke alfahari da Drake. Amma batun cewa suna cin abinci da tarihinsu, ban ga laifi a cikinsa ba; wanda ya kiyaye amanar abin da kakanninsa suka bari, ya kuma sami halaliya daga nuna shi, ya fi wanda ya bar shi ya ruɓe.

A nan ne nauyi ya hau kan matafiyi. Babbar motar ɗaki tana shan galan guda kafin ta cika mil goma, saboda haka mai ita ya fi kowa sanin darajar abin da ya fito daga wannan kwari, bai kuwa kamata ya zo ya kalli mutanensa ta taga ya wuce ba. Mutum ya cika firjinsa a babban kanti na birni, ya zo ya kafa motarsa a zango, ya dafa nasa ya ci, ya ɗauki hotuna ya tafi, garin bai amfana da shi da komai ba in ban da hayaƙi, wannan rowa ce ko da bai nufe ta ba. Ladabin baƙunci shi ne ya bar mota a zango ya shigo gari da ƙafa, ya sayi burodi a wurin mai gashi, ya biya kuɗin shiga gidan tarihi, ya zauna kusa da dattijo a bakin titi ya tambaye shi, domin mutanen ƙananan garuruwa ba sa gajiya da ba da labarin garinsu ga wanda ya nuna yana so. Musulmin da ya sami kansa a irin wannan taro zai tarar da abin da ba nasa ba, rumfar giya da naman da bai halatta gare shi ba. Ya wuce su ba tare da tsangwama ba, masara da tuffa da kifi sun ishe shi, madafar motarsa kuma ta zama rahama gare shi a nan, ga kuma wurin alwala da salla a duk inda lokaci ya same shi.

Mai karatu zai iya tambaya, mu ina ruwanmu da wani ƙauye a Amurka, alhali motar ɗaki ba ta cikin abin da yawancinmu ke mafarki? Ruwanmu shi ne mu ma muna da garin da aka fara haƙar mai. A yankin Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka sami mai a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, kafin shekara ashirin da 'yan kai rijiyoyin suka daina aiki, kamfani ya ƙara gaba. An sha yi wa mutanen wurin alkawarin gidan tarihi, shekaru suka yi ta wucewa, dattawan da suka ga ranar farko da idonsu suka yi ta rasuwa da labarinsu a ciki. Yanzu kuma al'amarin ya matso kusa da mu: Jamhuriyar Nijar tana haƙa a Agadem tana tacewa kusa da Damagaram tun 2011, a watan Nuwamba na 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko ya daɗe ko ya ƙafe da wuri, ƙauyukan nan ba za su koma yadda suke ba, kuma abin da ba a rubuta a yau ba, ba za a same shi gobe ba.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantu da ɗaliban jami'a da masu riƙe da sarauta a waɗannan yankuna, kada su jira hukuma ko kamfani. Su ɗauki hoton gonaki da burtali da rafuka kamar yadda suke yanzu, su naɗi muryar dattawa, su rubuta sunan kowane fili da na mai shi da abin da aka biya shi, su ajiye a makaranta ko a fada inda kowa zai iya gani. Su kuma riƙe ranar kasuwa da hawan salla da duk wani taro da ke haɗa 'yan gari, su riƙa gayyatar waɗanda suka yi nisa su dawo. Wanda kuma Allah ya hore wa abin hawa da lokaci a cikinmu, in ya tashi tafiya ya ratse ya kwana a irin waɗannan garuruwa, ya sayi abin da suke sayarwa, ya saurari abin da za su faɗa masa.